Kar-ka-motsa Ya Ajiye Kyamara

Kowace safiya Kar-ka-motsa yakan saɓi kyamararsa da sandarta mai ƙafa uku, ya bi ɗakunan da masu hoton biki ba sa leƙawa, ɗakunan tsofaffi da majinyata. Ba ya harba wutar kyamara a idon mara lafiya. Sai dai ya kafa kyamara, ya bar idonta a buɗe ta sha ɗan hasken ɗakin a hankali, kowa ya daskare har ta ƙoshi. Can ya samo sunan. Abokan sana'arsa na tsokanarsa wai kafin ya gama ɗaukar jariri, yaron ya tsiro gemu.

A ɗakin mahaifina na ga aikinsa. Ciwo ya daɗe da kwantar da Baba, kansa na rawa, haske na sa shi hawaye, kuma ba mu da hotonsa ko ɗaya da jikoki za su gani. Da na ce zan kira Kar-ka-motsa, dangi suka ce in rufa wa tsoho asiri. Na ce babu abin kunya a fuskar ubana, ni da nake wanke ta kullum na fi su sani.

Baba ya ce ba za a ɗauke shi ba sai dai in bishiyar da ya dasa za ta fito a hoton ta taga. To, in bishiya ta fito, fuska ta yi baƙi. In fuska ta fito, taga ta zama fari fat. Kar-ka-motsa ya ce zai ɗauki kowanne daban ya haɗa su. Taga ba ta yi gardama ba. Fuskar ce ta yi ta fitowa kamar hayaƙi. Ya durƙusa har ƙafafunsa suka sage, ya tafi, ya sake dawowa.

"Ka haƙura, ƙanina," in ji Baba. "Kan nan ya daina jin maganata."

"Ni ma gwiwata haka take, Yaya. Ba ni labarin bishiyar."

Ya lura in Baba ya kai aya ya sauke numfashi, kan yakan ɗan lafa. A wannan ɗan tsakanin ya danna. Da hoton ya iso, Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a rataye shi inda masu gaisuwa za su gani.

Kar-ka-motsa, kai ne mai jiran da bai taɓa tsaki ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya gaji, ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya huta gajiya.

Ku kuma matasa masu kyamara, ɗakunan na nan, kuma mutanen cikinsu ba za su daɗe suna jiranku ba.