Harsasan da Aka Ba Gwaggo Ajiya

Abin da na kusa rasawa a ranar nan, in za a jera shi, ga shi: Gwaggo Hajara ƙanwar mahaifina, da 'yarta Sa'ade, da jaririyar Sa'ade wadda ko zama ba ta fara ba, sai kuma ni kaina, don mutumin da ya kashe jininsa da hannunsa, ko hukuma ta sake shi bai tsira ba. Wallahi tallahi abin da zan gaya muku da ni ya faru, a nan Jidda, shekarun baya. Ni ɗan kasuwa ne, abin da ban taɓa da hannuna ba ban cika yarda da shi ba. To wannan na taɓa shi, har ya ƙona ni.

A unguwar Hindawiyya aka haife ni, kakana ne ya zo Hajji da mahaifina ya zauna, sauran 'ya'yansa suna can gida ƙasar Hausa. Sana'ata sayen tsofaffin firji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke ce wa mukayyif, in gyara in sayar. Da kafaɗata na fara ɗaukar kaya har Allah ya sa na kama babban sito a unguwar Bani Malik. Da jan ƙarfe ya yi daraja sai ɓarayi suka sa mu a gaba, don cikin kowace na'ura akwai shi. Sun fasa min sito sun kwashe, na yi haƙuri, da suka dawo kuma suka tarar da wani ma'aikacina suka sare shi a hannu, sai na ce halas, ya isa haka. Ina da takardar ɗan ƙasa, na bi ta hanyar hukuma, na sha zirga-zirga har izini ya fito, na sayi ƙaramar bindiga, libarba mai cin harsashi shida.

Ranar da zan sayi harsashi na tafi da Ammu Bashir, wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin ɗan sanda har ya yi ritaya. Tun a mota yake min tsiya, wai ni da ko ragon layya sai na kira mahauci, yau ni ne da bindiga. A shagon aka ajiye mana iri biyu. Ɗaya bakinsa a mulmule yake, mai shagon ya ce wannan ko ƙofar mota sai ya huda ta ya wuce. Ɗayan bakinsa da ɗan rami, shi in ya samu abu a nan yake tsayawa, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ammu Bashir ya ɗora yatsa a kan mai ramin.

"Ya waladi, ɗana, ɗauki wannan. Mu da muka yi aiki a cikin unguwa, ba harsashin da ya samu ɓarawo ne yake hana mu barci ba, wanda ya wuce shi ne."

Na ce, "Ammu, ga mai ƙarfi kuma ga araha, in bar shi in ɗauki raggo mai tsada? A wace kasuwar ake haka?"

Ya ce, "Kai komai firji ne a wurinka."

Muka yi dariya, na biya kuɗin mai mulmulallen baki, muka fito.

Sai na bayyana muku yadda siton yake, in ba haka ba ba za ku gane ba. Ta can ƙurya na yanke wani ɓangare na yi ɗakin baƙi, na raba shi da siton da allon jibis, irin farin allon nan da ko da gwiwar hannu za ka iya fasa shi, aka shafe shi da fenti ya saje da sauran bangon. Ƙofar ɗakin ta lungun baya take, ba ta cikin sito ba. Mu kuma a gidanmu akwai ƙa'idar da muka gada: duk ɗan'uwan da ya zo Umara daga gida ba ya neman izinin sauka, makulli yana ƙarƙashin tankin ruwa, kowa a dangi ya san wurin, ka zo ka buɗe ka shiga, a gaisa daga baya. Mahaifina yana ganin abin kunya ne baƙon Ɗakin Allah ya tsaya yana tambayar ko da wuri. Na san Gwaggo Hajara za ta zo, amma a sanina sai wani makon. Ashe tafiyar ta matso, sun sauka da hantsi, maiɗakina ta turo min saƙon murya, ni kuma ina tsakiyar ciniki ban buɗe ba.

Ranar ana zafin nan na Jidda mai haɗe da gumi, wanda riga take manne wa mutum a baya. Bayan azahar ma'aikata duk sun tafi hutun rana, layin ya yi tsit, ko kyanwa ba ta motsi. Ni kaɗai na rage a ɗan ofishina na bakin ƙofa. Bindigar tana ƙuguna, kuma da hannuna na ɗura mata harsashi shida da safe, na juya na gani, ban cire ta daga jikina ba ko da zan yi alwala.

Sai na ji ƙarar ƙarfe yana gogar ƙarfe daga can ciki. Na kasa kunne. Aka sake. Na cire takalmi na bi tsakanin layin firji a hankali, ina isa ƙurya sai ga mutum a tsugune, ya rufe fuska da rawani, ya ɓalle kwanon rufi ya shigo, yana tura bututun jan ƙarfe cikin buhu. Bayansa kuwa daidai allon nan na jibis. Na daka masa tsawa. Ya miƙe zumbur, sai na ga wata doguwar wuƙa a hannunsa, kuma maimakon ya gudu sai ya yo kaina.

Jama'a, ban yi tunanin komai ba. Na zaro, na nuna shi, na danna kunamar bindigar. Ƙas! Na sake dannawa. Ƙas! Babu ƙara, babu hayaƙi, sai wani sanyi da ya bi ta hannuna har kafaɗa kamar na tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Na ce shi ke nan, yau kwanana ya ƙare. Shi kuwa mutumin ya tsaya cak, amma ba ni yake kallo ba, waigawa ya yi yana kallon allon da ke bayansa, sai ya saki wata irin ƙara kamar wanda aka taka wa wuya, ya yar da wuƙar, ya haye kan firji ya fice ta inda ya shigo, buhun na rataye a kafaɗarsa. Na duba inda ya kalla. Ni ban ga kowa ba, farin allo ne kawai.

Ina tsaye sai na ji kukan jariri. A bayan allon. Daidai inda bakin bindigata yake kallo.

Innalillahi! Ban san lokacin da na zagaya lungu ba takalmi ba, kwalta tana cin tafin ƙafata. Na tarar da ƙofar a sakale ta ciki, na yi ta bugu ina kiran waye a nan, sai na ji muryar Gwaggo tana cewa: "Mai sunan Baba, kai ne? Ya tafi?" Sa'ade ce ta zare sakata. Katifarsu a jikin allon take, a kanta take zaune tana shayar da yarinya, Gwaggo kuma tana kan sallaya a gefenta, fuskarta ta yi fari fat.

Na ce, "Gwaggo, wa ya tafi? Ɓarawon kuka ji?"

Ta ce, "Wane ɓarawo? Ɗan sandan dai. Ni fa takarduna lafiya lau suke, ɗan nan, ka gaya musu."

Da ƙyar na lallashe ta ta yi min bayani. Wai ta idar da salla ke nan tana lazimi, ta ɗaga kai sai ta ga mutum a tsaye cikin kakin 'yan sanda, dogo, baƙi, ya juya wa allon baya, ya tsaya tsakaninsa da Sa'ade. Ba ta ji an buɗe ƙofa ba. Ya miƙo mata hannu, ya yi mata magana da Hausa tsantsa irin ta tsofaffin da, ba irin tamu ta nan mai gauraye da Larabci ba, ya ce, "Hajiya, riƙe wa mai wurin nan ajiya." Ita kuma kun san baƙo da tsoron hukuma, ba ta tambayi komai ba, ta karɓa ta ƙulle a haɓar zane kamar yadda take ƙulle goro, ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago babu shi. Sa'ade ta rantse ita ba ta ga kowa ba, ta dai ga uwarta ta miƙa hannu sama tana cewa to, ta ɗauka addu'a take.

Gwaggo ta kwance ƙullin ta zube min a tafin hannu. Harsasaina ne, guda shida, masu mulmulallen baki. Na buɗe libarbar a gabansu, wayam, babu ko ɗaya.

Ba wannan ne ya fi tayar min da hankali ba. Huɗu daga ciki da sanyinsu kamar kowane ƙarfe. Biyu kuwa zafi suke kamar an tsamo su daga garwashi, har na yar da su, suka bar min tabo a tafi, zanen Gwaggo ma ya yi baƙi a wurin. Da suka huce na ɗauka na duba, ba a harba su ba, suna nan cif yadda na saye su, amma a bakin kowanne akwai farin gari. Na shafa na murza a yatsa. Garin jibis ne. Na bi allon nan da tafin hannu ciki da waje, ko hudar allura babu.

Da la'asar na kai wa Ammu Bashir su. Da farko ya fara tsiyarsa, wai ko na manta ban ɗura ba ne, tsoro ya sa nake ganin aljanu da rana. Da na buɗe masa hannu ya ga tabon, na kuma faɗa masa yadda Gwaggo ta siffanta kakin da hular, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce irin wannan kakin tun kafin shi ya shiga aiki aka daina sa shi. Na miƙa masa harsasan ya duba, ya mayar da hannuwansa baya.

"La, wallah ba zan taɓa ba. Yalla, tashi mu je ka mayar wa hukuma da kayanta tun rana ba ta faɗi ba."

Na ce, "Ammu, to wane ne?"

Ya ce, "Ni na sani? Ka ga dai ba tambayarka ya zo yi ba."

A ranar na miƙa wa hukuma bindigar da harsasan da takardar izinin gaba ɗaya. Jami'in da ya karɓa ya jujjuya su ya rubuta cewa ba a yi amfani da ko ɗaya ba. Na sa hannu na fito. Su Gwaggo kuwa gidana na kwashe su, har suka gama Umara suka koma ba ta yarda ta sake bi ta layin siton ba. Na tambayi tsofaffin unguwar ko wani abu ya taɓa faruwa a filin kafin a gina shi, kowa ya ce bai sani ba.

Shawarata ga duk wanda tsoron ɓarawo ya sa yake tunanin ajiye irin wannan abu: kada ka je sayensa da idon ciniki, ka tafi da wanda ya san aikin kuma ka ji maganarsa, sannan ka san wanda yake kwance a kowane ɗaki na gidanka kafin ka ɗora yatsa a kan komai. Ni an karɓe min harsasan, ban san dalili ba, kuma ba ni da tabbacin za a karɓe wa wani.

In an zo lissafi, na yi asarar buhun jan ƙarfe, da abin da na kashe a kan bindiga, da barcin rana, don har yau in layi ya yi tsit bayan azahar sai in ji sanyin nan yana bin hannuna. Ribar kuwa, yarinyar nan yanzu tana makaranta, tana turo min gaisuwa ta wayar uwarta. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga lissafin. Na tambayi wani malami ko akwai kaffara a kaina, ya ce tunda ba wanda ya mutu babu. Duk da haka na yi azumin kaffarar. Don ni na san na danna sau biyu, na kuma san abin da na murza a yatsana, kuma har yau ban sani ba ko a wurin Allah na harba ne ko ban harba ba.