Goggo Torika, Mai Karanta Sunayen Fayil

Ƙarfe bakwai na safe, ko ruwan sama na zuba a birnin Suva kamar da bakin ƙwarya, Goggo Torika Waqalevu ta riga kowa shiga ɗakin ajiyar bidiyo na gidan talabijin ɗinmu. Ta haɗa shayin ganyen lemo, ta gutsuri burodin kwakwa, sannan ta kunna kwamfuta. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Ran Juma'a za ta yi ritaya.

A zamanin kaset, kowane mai ɗaukar hoto abin da ya ga dama yake rubutawa a bayan kaset ɗinsa. Da aka juye su cikin kwamfuta, sunayen suka bi su yadda suke: KDV94_SR2_b da ire-irensa, dubbai. Mu ciwon kai suke sa mu. Ita kuwa sai ta gyara tabarau ta ce, "Tsibirin Kadavu ne, shekarar casa'in da huɗu. SR marigayi Sairusi ne, kaset na biyu. Wannan b ɗin kuma batir ne ya kusa mutuwa, malalaci, kullum sai ya manta caji. Allah ya ji ƙansa."

Bara wani dattijo, Peniasi, ya zo mana. Teku ta cinye tsohon ƙauyensu, sun koma kan tudu. Matarsa Asenaca ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, amma ya tuna an taɓa ɗaukar ta tana jan waƙa a coci. Muka rubuta sunan ƙauyen, kwamfuta ta ce babu. Har mun fara ba shi haƙuri, Goggo ta jawo masa kujera, ta zuba masa shayi.

"Baba, wa ya zo ɗaukar? Wani dogo mai tsoron ruwa?"

"Shi fa, 'yata! Har amai ya yi mana a kwale-kwale."

"Epeli ne. Shi ba ya sa sunan gari, sunan jirgin ruwan da ya kai shi yake sawa. Wane jirgi ke zuwa muku lokacin?"

Ya faɗa. Kafin shayinsa ya huce, ga Asenaca a allon kwamfuta cikin farar riga, ga cocin, ga bishiyoyin da yanzu ruwa ya rufe. Peniasi ya miƙe tsaye ya kama amshi, mu duka muka kasa kallon juna.

Goggo, ke ce kika san hannun kowa da halinsa, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sunanki bai taɓa fitowa a allo ba, amma babu tsohon hoton da ya fita ba da saninki ba. Mun gode, uwar ɗaki.

Ku kuma matasa masu sa wa fayil suna "sabo_na_ƙarshe2", ku ɗauki biro ku zauna gabanta tun tana nan. Wata rana wani zai zo neman fuskar matarsa a hannunku.