Rayuwar Lorene Tackett da Shafin da Ba a Goge Ba

Haihuwa da karatu

A shekara ta 1931 aka haifi Lorene Tackett a garin Marietta na jihar Ohio. Mahaifinta, Orval, maƙeri ne, mahaifiyarta, Velma, ɗinki take yi. Ta kammala sakandare a 1949, malamai suna yabon kyan rubutunta, suna kuma kuka da yadda darasin tarihi ke sa ta gyangyaɗi.

Aiki

A 1951 ta sami aiki a wata maɗaba'a a Cleveland, mai buga wa yara tarihin Amurka cikin zane-zanen ban dariya. Ƙa'idar sana'ar ita ce wani ya zana shafi da fensir, wani ya bi sawunsa da tawada, idan ta bushe a goge fensirin tas kafin a kai wa injin. Lorene mai tawada ce. Mai fensirin da aka haɗa ta da shi wani dogo ne, Wendell Sprague, wanda bai taɓa zana shugaban ƙasa bai ƙara masa hanci ba.

Aure da iyali

An ɗaura aurenta da Wendell a 1954, suka sami 'ya'ya uku, suka kuma ci gaba da aiki a teburi ɗaya. 'Ya'yan sun ruwaito cewa yakan tsokane ta da faɗin, "Ni nake haifar mutanen nan, ke riga kawai kike sa musu." Ita kuwa sai ta ce, "To malam, kai su makaranta tsirara mu gani."

Takaba

A 1988 Wendell ya rasu, suna dab da gama littafi kan mutanen da suka yi ƙaura zuwa yamma a kekunan shanu. Shafi ɗaya ya rage a fensir: wata mata a bayan keke tana waiwayen gidan da ta bari. Lorene ta san idan ta sa tawada wajibi ne ta goge, abin da za ta goge kuwa shi ne ƙarshen abin da hannunsa ya taɓa. Maɗaba'a ta ba ta shawarar ta kwafa a wata takarda, amma Lorene ta ce alƙalaminta bai san hanya ba sai inda fensirinsa ya taka. Littafin ya zauna shekara goma sha shida ba a gama ba, kewa kuwa ba ta ragu ba.

Tsufa da rasuwa

A 2004, da ganinta ya fara rauni, ta zauna ta sa tawadar, hannu yana rawa. Daga nan ta miƙa wa babbar 'yarta magogi ta ce, "Corliss, ke goge, ni wallahi ba zan iya ba." Corliss ta karɓa ta sa a aljihu.

Lorene ta rasu a watan Nuwamba na wannan shekara, aka binne ta a Marietta kusa da mijinta. Ta bar Corliss, da Dwight, da Nadine, da jikoki bakwai. Ta kuma bar littafin, wanda aka buga a 2005, inda har yau yara ke tambayar dalilin da ya sa aka zana matar shafin ƙarshe da layi biyu, ɗaya baƙi mai rawa, ɗaya toka-toka a gefensa.