Azarar Cikin Kai

"Duk ilimin duniya a azara ya ƙare," in ji marigayi kawuna magini. Jiya na ga gara ta cinye azarar rufin zaurenmu, sai ya faɗo mini a rai.

Shekarar da gero ya gagari talaka, ɓarin jikinsa ya shanye. Na kai shi asibitin Ɗanbatta, ina fatan hannun nan mai ƙanshin jar ƙasa zai dawo.

Likita ya ce, "Baba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma suna da tasu azarar. In jini ya yanke, ita ke lanƙwashewa ta ƙara ɓarna."

Kawu ya yi mini rabin murmushi. "Malam, ka ji? Bokonka a banza."

Hannun bai dawo ba. Allah ya ba Kawu inuwar da ba ta yoyo.

Shi dai nasa ɗakin rufin kwano ne.