Na'urar Wanke Jinin da Aka Sa wa Baba

Jama'a, yau saura ƙiris a yi dambe da ni a Haɗejiya!

Kun san Baba na fama da hawan jini. Ashe ya ajiye maganin asibiti, wai wani mutum ya kawo na'urar wanke jini da lantarki. Na ce sai na raka shi.

Aka ba shi ƙarafa biyu ya riƙe. Wata mata da ke gefensa, ita ma riƙe da nata ƙarafan, sai zabura take, tafin hannunta har ya tashi. Baba kuwa ko gezau! Can ya ce, "Malam, ni masunci ne, minjirya, kifin nan mai lantarki, ta sha girgiza ni a fadamar Baturiya. Wannan babu wuta."

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Wayar ƙarafan nasa ko jonawa ba a yi ba!

Mutumin ya ce, "Hajiya, sassauta murya. Gwaji ne. Wasu muna kunna musu, wasu ba ma kunnawa, mu ga bambanci."

Na ce, "Da izinin wa? Ita ka ƙona ta, shi ka raba shi da maganinsa!"

Wai zai kira 'yan sanda. Na ja kujera na zauna, na ce, "Kira su, ina nan. Ubana ba zakaran gwajin dafi ba ne!"