Haliru Na Zaure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina zuba shayi waya ta yi ƙara. Mustafa ne daga Sakkwato, ya ce mahaifinsa ya cika bayan sallar asuba.

Malam Haliru ya tafi.

Shayin yana can inda na ajiye shi.

Da yawanku kun san shi a matsayin tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ko mai gyaran lasifikar masallatai a Runjin Sambo. Ni kuwa shi ne mutumin da ya ajiye mini muryar mahaifiyata. Ku yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo.

Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa. Ina ƙaramin akawu, ina zaune gidanmu na Ƙofar Kware. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, wato cikon watannin baya, gari ya rikice. Wannan ya sayi babur, wancan firji, kowa ka gani da rediyo mai kaset a kafaɗa. Ni ma na sayi tawa.

Innarmu malamar mata ce. Da la'asar mata ke taruwa a tsakar gidanmu tana koya musu waƙoƙin wa'azi da ta koya wurin kakarta, wasu da Hausa wasu da Fillanci. Ba a rubuce suke ba, a kanta suke. A shekarar nan tari ya kama ta, irin wanda ba ya tafiya. Tana cikin baiti sai numfashi ya yanke, ta dakata, ta sake kamawa. Ni da ƙanwata Kulu muka fara kallon juna.

Na ce mata ina so in ɗauki muryarta. Ta ce, "Muryar tsohuwa mi za a yi da ita cikin akwati?"

Kulu ce ta shawo kanta. Ta tuna mata ɗalibanta da aure ya kai Legas da Fatakwal, masu aiko saƙo cewa baiti kaza ya ɓace musu. Sai Inna ta ce, "To, don su."

Na ajiye rediyona gabanta na danna. Da muka saurara, kunya ta kama ni. Zakaran gidanmu ya fito tas. Sakan maƙwabta ya fito tas. Inna kuwa, inda ta sassauta murya ba ka jin komai, inda ta ɗaga sai abin ya tsage kamar ana yaga ƙyalle.

Wani abokin aikina ya ce in nemi Haliru, injiniyan sauti a gidan rediyo. Na same shi gindin dogonyaro yana cin gyaɗa, siriri, da sukurdireba a aljihun gaba. Ya girme ni da kaɗan. Ya kara rediyon a kunne ya saurari kaset ɗin har ƙarshe, bai yi dariya ba ko a wurin zakaran.

Ya ce, "Wa ta wagga?"

Na ce mahaifiyata ce.

Ya ce, "Tana da lahiya?"

Na ce da sauƙi. Ya dube ni, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ce, "Tashi mu tahi kasuwa."

A kantin kayan wuta na ga wani makirfo cikin akwatinsa mai jan ƙyalle, yana walƙiya kamar azurfa. Mai kanti ya ce kwandensa ne, irin na manyan mawaƙa, ko allura ta faɗi sai ya ji. Kuɗinsa daidai da duk abin da ya rage mini. Na ce shi nake so, ai Inna ta cancanta.

Haliru ya ce, "Tukur, ɗakin Inna na da tagogin gilashi?"

Na ce a'a, asabari ne a ƙofa.

"Akwai awaki?"

Na ce akwai.

"To wanga da kaka gani, awakin za shi hwara ɗauka kahin ya kai ga Inna. Ba ƙarya mai kanti ya yi ba, komi shina ji. Mu kau mai jin mutum guda muka biɗa."

Ya sa aka ciro wani baƙi daga ƙasan kanta, mai nauyi, ba ko akwati. Dainamik ake ce da irinsa. Ya ce wannan abin da ke gaban bakinsa kawai ya sani, sauran duniya ba ruwansa. Raina bai so ba, wallahi. Gani nake kamar na je sayen doki na dawo da jaki.

A hanya ya bayyana mini sauran. Makirfo zai kore zakara, amma ba zai gyara hawa da saukar muryar Inna ba. Wannan aikin wata na'ura ce, kwamfiresa. Ya ce ita kamar hannu ce a kan murya: in ta yi sama za ta tsage sai ta dafa ta, daga nan sai ka samu damar ɗaga gaba ɗaya, har raɗar ma ta fito. Sabuwa ba ta sayuwa ga irina. Amma a wurin aikinsu an kawo sabbin kaya daga waje, za a yi gwanjon tsofaffin. Canjin da ya rage mini zai isa.

Haka muka samo ta. Ƙarfe mai nauyin buhun gero, da allura ɗaya a fuska, fenti duk ya kankare. A bayan kekensa ya ɗauro ta. Sai da ya yi mako yana canza mata 'yan kayan ciki, bai karɓi ko sisi ba.

Sai wata matsalar. Gidanmu gidan kulle ne, baƙon namiji ba ya wuce zaure. Inna kuma ta ce ba za ta fito zaure ta yi waƙa ba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Haliru ya ce, "Mi ad da wuya? A auna mani nisa."

Na auna da igiyar guga. Washegari ya zo da doguwar waya da ya jona da hannunsa. Muka ja ta daga zaure, ta bi gindin katanga, ta kewaye rijiya, ta shiga ɗakin Inna. Shi yana zaure kan tabarma da kwamfiresa da rikoda da hedifon a kunne. Kulu tana ciki riƙe da makirfo, tazarar yatsu huɗu daga bakin Inna, an sa masa safar ƙafa sabuwa don kada iskar baki ta buge shi. Ni ne ɗan aike tsakani.

Ɗaukar farko da muka kai mata ta saurara, komai ya fito, babu zakara babu tsagewa. Ina ta murna. Inna ta yamutsa fuska.

"Wagga ba ni ce ba. An yi mani guga kamar riga. Ina wurin da nika tsoro? Ina wurin da nika roƙo? Duk sun zama ɗaya."

Na je na faɗa masa ina jin nauyi. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Gaskiya tag gaya. Na danne ta da yawa." Ya sassauta na'urar, muka sake. Wannan karon da ta ji, ba ta kushe ba. Ta dai ce wa Kulu ta dama fura a kai zaure.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta gane cewa duk abin da ta faɗa gaban baƙin abin nan, yana shiga kunnen mutumin da ke waje. Daga ranar ta fara yi masa magana kai tsaye. Kafin ta fara waƙa sai ta matso ta ce, "Kai na zaure, ka wuni lahiya? Ka ci abinci?"

Shi ba shi da hanyar amsawa. Wayar hanya ɗaya take bi. Sai in gan shi zaune shi kaɗai yana gyaɗa kai, yana cewa "Lahiya lau, Inna" ga bango.

Ta tambaye ni labarinsa. Na ce mutumin ƙauye ne, mahaifiyarsa ta rasu tun bai yi wayo ba, kuma bai yi aure ba. Ranar da ta ji haka, tsakiyar ɗauka ta tsaya ta ce, "Na zaure, wanga zama haka ba shi yi. Ka biɗi mata kahin damina ta hita." Kulu ta kusa sakin makirfo don dariya. Na leƙa zaure na tarar ya rufe fuska da hula.

Kafin shekara ta zagayo ya auri mahaifiyar Mustafa.

Duk Asabar da Lahadi na daminar nan yana zuwa. Wani lokaci a ɗauke wuta ya zauna jira har magariba, ya tafi ba a yi komai ba. Wani lokaci tari ya hana Inna, mu naɗe waya. Bai taɓa nuna gajiya ba. In ruwa ya same shi a hanya sai ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe na'urar, shi ya jiƙe.

Akwai wata waƙa kan rabuwa da iyaye. Ranar da Inna ta yi ta, na fito in tambaye shi ko a sake, don ta yi tari a tsakiya. Na same shi hawaye na bin gemunsa, idonsa kan allura. Ya ɗaga mini hannu. Da ta gama ya ce, "Kar a sake. A bar tarin."

Mun gama kafin kaka. Inna ta rasu bayan babbar salla.

Ranar jana'iza yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. A hanyar dawowa daga maƙabarta ya ce mini a hankali, "Yau na hwara kusantar ta."

Shekaru bayan nan, duk matar da ta zo ta ce ɗalibar Inna ce, sai ya kwafa mata kaset. In ta kawo sabon kaset to, in ba ta kawo ba ya ciro nasa. Da aka yi mini canjin aiki zuwa Kaduna, rediyo ta cinye mini kaset ɗaya na kusa haukacewa. Na aika masa. Ashe ya ajiye na asali cikin gwangwanin madara, nannaɗe da ƙyalle. Direban mota ya kawo mini sabo. Da zamani ya canza, shi ya sa Mustafa ya mayar da su duka cikin waya. Yau jikokin ɗaliban Inna suna tura wa juna waƙoƙin nan, ba su san sunansa ba.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne, a gidansa na Runjin Sambo. Ya rame ƙwarai, kuma ji ya yi masa nisa. Mutumin da ke gane wayar da ta kwance daga ƙarar lasifika, yanzu sai ya kalli bakinka kafin ya gane me ka ce. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce, "Kunnuwan sun yi aikinsu, sun yi ritaya."

Muka sha fura. Muka yi zancen waɗanda suka riga mu. Can ya ce, "Tukur, in tambaye ka wani abu da ban taɓa tambaya ba. Inna, yaya kamarta take?"

Sai a lokacin na tuna bai taɓa ganin fuskarta ba.

Hoto ɗaya gare mu nata, na fasfon aikin hajji. Na buɗe shi a waya na miƙa masa. Ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙo mini yana murmushi.

"A'a. Tawa da nika gani a zuci ta hi wagga tsawo."

Ya rako ni har bakin titi duk da na hana shi, yana dogara sanda. Da na shiga keke napep ya ce in gai da Kulu, in ce mata hannunta bai taɓa rawa kan makirfo ba.

Tun da Mustafa ya kira nake sauraron ɗaukar nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman abu guda. Muryar Inna na nan. Dariyar Kulu na nan. Har takun takalmina ina shiga ina fita. Tasa muryar babu, ko kalma ɗaya. Makirfon yana ciki, shi yana waje.

Rayuwarsa duka ya yi yana ɗaukar muryoyin mutane, ni ban taɓa tunanin in juya abin in ɗauki tasa ba sai yau. Mustafa ma ya ce bai da ita. Ina so in sake jin yadda yake kiran sunana.

Don Allah, mutanen Sakkwato, duk wanda ke da tsohon kaset na suna ko walima ko wa'azi da Malam Haliru ya haɗa wa kaya, ya duba farkonsa. Ko "gwaji, gwaji" ce kawai ya faɗa, ina so. 'Ya'yansa ma suna so.

Za a yi jana'iza bayan azahar. Ina hanya, ban sani ba ko zan riske ta.

Ya Allah, ga bawanka Haliru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya ji kiran rahama da kunnuwa sababbi. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa da bai sani ba, da tamu da ta ɗauke shi ɗa. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Wanda duk ya karanta har nan, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce, ku sa Inna a ciki.