Gaisuwar Inna Ta Fi Tallata

Tun safe wayata ke ƙara, ni kuwa dariya ta hana ni karyawa.

Inna, ƙanwar mahaifiyata, ƙuli-ƙuli take yi a Maradun. Na buɗe mata shafi a Facebook, na zuba hotuna, na sa saƙon da ke amsa wa mutane da kansa: "Na nawa za a ba ki?" Sati uku ba wanda ya saya, ƙuli har ya fara yin sanyi.

Jiya na karanta mata saƙon. Ta riƙe haɓa.

"Ke Hadiza, wa ka sayen abinci hannun wadda ba ta gaishe shi ba?"

"Inna, mutanen yanzu sauri suke yi."

"Saurin mi? Danna mini in yi magana."

Minti huɗu ta yi a saƙon murya tana gaida wata mata a Bakura da ta taɓa tambayar ƙuli a shafin: gajiya, yara, maigida, damina, har awaki. Sai a ƙarshe ta tuna da ƙuli.

Matar ta tura muryar zuwa zauren WhatsApp na matan unguwarsu. Yau ko ɓarɓashi bai rage ba.

Shekara huɗu na yi a jami'a, ba malamin da ya koya mini tambayar lafiyar awaki. Masu talla a waya, kuna gaisuwa kuwa?